Ramin da ke Bayan Gidan Ochola

Ochola na cikin rami yana auna zurfin tafkin da zai ƙawata lambunsa, sai ya ji kururuwa. Jiya aka nome ciyawar da ke bayan gidansa aka yi haƙa, yau mota ta sauke furanni. A yankinsu na Siaya kuwa, a gida ake binne maigida, sai aka ɗauka kabarinsa ne.

Ya leƙo. Dangi sun cika tsakar gida, mata na birgima. Ya ƙwala wa kawunsa kira.

"Kawu Ogutu, ga ni da raina. Lambu nake yi."

Kawu ya share hawaye, ya harare shi.

"Kai dai tun kana yaro kake ba mu kunya. An riga an yanka bijiminka, ƙaninka ya tafi da motarka. Tunda kana ciki, ɗan kwanta har baƙi su ci abinci."