Miji Ko Kishiya?

"Miji na samu ko kishiya?" mahaifiyarsa ta sake tambaya ta waya daga Funtuwa, tana dariyar samun jika.

Yana tsaye a barandar asibitin haihuwa a unguwar Faisal, can ƙasar Larabawa inda yake karatu, ƙarar motocin haya ta cika masa kunne. Likita ta riga ta gaya masa cewa halittar abin da matarsa ta haifa ba ta fito sarai ba, sai an yi gwajin jini, a jira makonni. Ya karanta babin mata-maza a fiƙihu, har jarrabawa ya ci a kai, amma babu malamin da ya koya masa yadda ake faɗa wa uwa.

"Inna, an dai sauka lafiya."

"Na ji! Ya yi kuka ko ta yi kuka?"

Haushi ya turnuƙe shi. Tun safe yake wannan fama: in ya ce "ya" sai ya ji ya yi ƙarya, in ya ce "ta" ma haka. Larabcin bai raga masa ba, har mai gadi ya tare shi da "walad walla bint?", wato namiji ko mace.

"Likitocin ma ba su sani ba, Inna!" ya faɗa da ƙarfi. "Khalas, shi ke nan! Me kike so in ce?"

Ya duba wayar ko layin ya yanke.

"Kada ka ƙara ɗaga min murya," ta ce a hankali. "Sun sha nono?"

"Su wa?"

"Baƙin namu mana." Sai ya gane: ba "ya", ba "ta", "su" Inna ta zaɓa wa abin da aka haifa. " Koma ciki ka duba su. Mutanen gari kuma ka bar ni da su."