Mahaƙin Rijiya a Garin Matattu

Tasi'u, ajiye wayar nan ka dube ni. Tun azahar kake cika mini kunne wai kashi na biyu na wasan gem ɗin nan zai fito, wanda mutum huɗu ke ratsa garin da matattu suka tashi suna cin mutane, kana ta lissafin sababbin bindigogi. Bindiga! Kai da gemunka. Ni ban zauna a aji ba, amma na san abin da masu ƙera irin wannan wasa suke yi in sun koma karo na biyu. Gyara zama in ba ka misali.

Wasu mutum huɗu ne a wata unguwa, wanzami da tela da mahauci da mahaƙin rijiya. Duk Juma'a bayan la'asar sukan haɗu a shagon gem, su jeru a benci ɗaya, kowa da nasa allon, su shiga wani garin matattu irin naka. A kashin farko wanzami ne zakara. Yatsunsa sun saba da aska, kafin ka ƙifta ido ya zubar da gawa goma, ya ruga ya faɗa jirgin ruwan ceto shi kaɗai, allo ya nuna an ci. Sauran ukun 'yan rakiya ne kawai. Da kashi na biyu ya fito, sai ga shi an sauya dokar garin. Matattun yanzu suna jin ƙara, inda bindiga ta yi yawa nan suke dafifi. Magani jaka ɗaya ce ta kowa. An kuma ƙaro wata gawa mai dogon hannu, tana laɓewa tana jiran wanda ya ware, in ta damƙe ka ba ka ƙwatar kanka sai wani ya zo ya sare hannun. Jirgin ma ba ya tashi sai kawuna huɗu sun cika. Wanzami dai bai sauya tafiya ba. Juma'a shida a jere suna mutuwa a kan wata gada, shi kuwa kullum laifin mahaƙin rijiya ne, wai yatsunsa kamar rogo, wai tafiyarsa ta hawainiya. Ran ta bakwai ya ce masa a gaban jama'a, "Malam, yau in muka sake faɗuwa a gadar nan, ka koma raminka, na samo wani." Mutumin nan kuwa kwana shida yake yi a ƙarƙashin ƙasa, wannan yammacin kaɗai yake zama cikin abokai ya yi dariya.

Bai yi fushi ba, da ni ne da an raba mu. Cewa ya yi, "Na ji. Amma tunda ta ƙarshe ce, a yi mini tafiyar rijiya." A sana'arsu, wanda ya shiga rami ba ya wuce tsawon igiya, na sama kuma yakan kira shi lokaci lokaci, in bai amsa ba kowa ya yar da abin da ke hannunsa. Haka ya tsara su. Mahauci a gaba da adda, ba harbi sai dole, ba mai nisa da ɗan'uwansa, kuma duk kwanar da aka sha sai ya kira kowa ya amsa. 'Yan kallo suka yi ta shewa, wai ga masu dakon ƙwai. Suka ratsa kasuwa, suka ratsa tasha, matattu na tsaye suna gyangyaɗi ba wanda ya juyo. Da suka kai tsakiyar gada, wanzami ya hango hanya fayau har bakin jirgi. Tsohon hali ya motsa, ya zabura. Taku kaɗan ya yi dogon hannun nan ya fito ta ƙarƙashin gada ya shaƙe shi. Gogan naka yana zaune a benci, girman kai ya hana shi cewa a taimake shi. Sai mahaƙin rijiya ya yi kira. "Tela?" "Ga ni." "Mahauci?" "Ina nan." "Wanzami?" Shiru. To, a wurin mai rijiya shiru shi ne ihu. Bai tsaya tambaya ba, ya ce, "A juya!" Mahauci ya sare hannun da sara ɗaya, tela ya durƙusa ya ɗaure raunin, shi kuwa mahaƙin rijiya ya tare bakin gada da wani katako yana maka wa duk gawar da ta matso, har suka ciccibi wanzami suka jefa shi cikin jirgi. Kawuna huɗu cif! Jirgi ya tashi, shagon ya kaure da ihu har mai shayin da ke waje ya leƙo ya ga ko gobara ce. Wanzami ya miƙe, ya kama yatsun nan da ya zaga ya ɗaga su sama, ya ce, "Sarkin rijiya, daga yau kai ke kira, mu namu amsawa."

Abin da za ka tarar ke nan, Tasi'u. Masu ƙera wasan za su karɓe maka jarumtar mutum ɗaya, su ɗaure ƙafarka da ta abokanka. Tun kafin kashi na biyun ya fito ka nemi mutum uku da in ka yi shiru za su juyo. Magabata ba su taɓa riƙe gem ba, amma sun riga sun gama maganar: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.