Hoto Hamsin a Sakan Ɗaya

Karo na huɗu ke nan da safen nan Malam Misbahu yake shiga saitin kyamarar yana sauya lamba. Ashirin da biyar. Talatin. Ya sake komawa ashirin da biyar. Duk gwajin da ya ɗauka sai ya fito kamar bidiyon bikin unguwar Limawa da aka dawo masa da shi, hoto yana karkarwa kamar daga bayan babur aka ɗauka.

Shekara goma sha tara yana ɗaukar bukukuwa a Dutse. Shi ya koya wa rabin masu kyamarar garin cewa hoto ashirin da biyar a sakan ɗaya ne ya dace da wutar ƙasar nan. Ka sa talatin a ɗakin taro, fitilu su yi ta ƙyafta ido a cikin bidiyon. Amma a wata huɗu gida uku sun ƙi karɓar aikinsa. Ya ce kyamarar ce ta tsufa, ya sayi sabuwa. Ya ce tsarin MP4 ne yake matse hoto, ya koma AVCHD mai nauyi. Babu abin da ya sauya. Matarsa Gaji ta taɓa kawo tata shawarar sau biyu, ya daka mata tsawa, ba ta ƙara ba. Tun ƙaramar sallah kuwa babu wanda ya tako shagonsa na Yalwawa da maganar biki.

Shi ya sa da Gaji ta ce wata Hajiya Khaulat za ta zo ganin aikinsa, bai ma tambayi inda ta san ta ba. Ta leƙo shagon ta ƙofar cikin gida, ta ajiye masa shayi, rabin kofi kamar yadda ta koma yi.

"Baban Zulfa, don Allah ban da gardama. Abin da ta ce kawai ka yi."

"Ni da sana'ata?"

"Kai da sana'arka."

Ƙarfe sha ɗaya Hajiya Khaulat ta iso, ita kaɗai. Ba ta nemi ganin tsofaffin bukukuwa ba, ba ta yi maganar amarya ba. Bayan gaisuwa ta tambayi hoto nawa kyamarar take iya ɗauka a sakan ɗaya.

"Hamsin, Hajiya. Amma wannan na rawa ne da wasan ƙwallo. Cinye katin ajiya yake yi."

"Sa ta a hamsin. Tsarin kuma mai nauyin, wanda ba ya zubar da komai."

Ya sa. To, wannan ta san kyamara, ya ce a ransa. Irin su ne masu bikin kwana uku.

Sai ta ce ya sauke kyamarar daga kan ƙafafunta uku. Ya sauke. Ta ce ya kashe saitin da yake rage girgizar hoto. Lallai wani ya kai mata labarin Limawa. Idan ya kashe, duk aibin na'urar nan zai fito fili. Idan ya ƙi, ta tafi da aikinta.

Ya kashe.

"Me zan ɗauka?"

Ta nuna masa bakin ƙofa. "Wannan. Sakan talatin. Miƙe hannunka sosai."

Ya ɗauka da hannun dama. Ta ce ya sake da hagu. Ta ce ya taka zuwa bango ya dawo. Ya riƙe numfashi, ya matse gwiwar hannunsa a haƙarƙari, dabarar da ya daɗe yana yi.

"Saki hannun, Malam."

Ko sau ɗaya ba ta leƙa ƙaramin allon kyamarar ba.

Da suka zuba a kwamfuta ta sa ya rage gudun bidiyon. A hamsin babu inda abu zai ɓuya. Bakin ƙofar nan da kafinta ya kafa daram yana ta kai da kawo, hagu, dama, hagu, dama. Leɓɓanta suna motsi, ƙirge take yi. Ta rubuta wani abu.

"Hajiya, saitin ne," ya ce. "Ki bar ni in mayar ashirin da biyar, in ɗora a ƙafa. Wallahi ba za ki ga komai ba."

"Tun yaushe kake ganin haka?"

"Tun da na sayi kyamarar nan."

"Tsohuwar fa?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "In kika hana ni aikin nan, rufe shagon zan yi. Ban iya komai ba sai wannan."

"Ba za ka rufe ba, in Allah Ya yarda. Amma sai ka zo ranar da na rubuta."

Ta miƙa masa takarda. Ranar biki! Ya karɓa da hannu biyu yana ta godiya. Ya ɗaga kai ya kira Gaji ta ji albishir, sai ya gan ta tsaye a ƙofar cikin gida, idanunta jawur, ta toshe baki da gefen mayafi.

Ya duba takardar. Litinin, ƙarfe tara na safe. Sama da ranar akwai sunansa da shekarunsa da rubutun hannun Gaji, a ƙasa kuma hatimin asibiti: sashen cututtukan jijiyoyi da karkarwar jiki, Dakta Khaulat Abdulwahab.