Kwalliyar Hajiya Sakinatu

Zuhra, ƙawata, ajiye abin da ke hannunki ki karanta wannan a natse.

Kin san Hanan, yarinyar da ke hawan ƙasa da mu a unguwar Taman Melati, nan ƙasar waje, mai karatun haɗa fim. Aiki ɗaya ya rage mata. Malaminsu Adnan ya ce kowa ya sake ɗaukar fitowa guda daga wani tsohon fim ɗin Amurka, baƙi da fari, wanda gawarwaki ke tashi suna bin mutane. Ta taɓa faɗuwa a darasin. In ta sake, sai Kano ba takarda.

Ana haka mahaifiyarta, Hajiya Sakinatu, ta iso daga Kano. Ta ce kewar 'yarta ce ta kawo ta. Mace ce mai carbi a hannu, amma ban taɓa ganin mai son kwalliya irinta ba. Tana idar da salla sai ta kulle ɗaki, ta fito da hoda da kwalli da jan-baki.

"Mama, da tsufa kika fara gayu?" in ji Hanan.

"Ke dai ci abincinki," ta ce, ta juye mata nata abincin a kwanonta.

Hanan ta ba mu labari, wai masu tsohon fim ɗin ba su da hali, maƙwabtansu suka roƙa suka fito a gawa, aka manna musu kakin zuma a fuska, aka yi jini da cakulan. Ita ma haka ta tsara, da 'yan ajinsu, a filin bishiyoyin nan na bayan gidajenmu.

Ranar ɗauka da hantsi, yarinyar da za ta fito a babbar gawa ta aiko ba za ta zo ba. Kyamarar ta aro ce, za a karɓe ta da la'asar, ga hadari ya fara haɗuwa. Hanan ta zauna a ƙasa tana kuka.

"Tashi," in ji Hajiya. "Ni zan fito."

"Haba Mama! Ke da kika ƙi kallon fim ɗin?"

"Ina da farin yadi da na sayo a shagunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman. Amma kada a yanka shi, kada cakulan ɗinku ta taɓa shi. Fuskar ma ni zan gyara abata."

Ta hau sama a hankali, tana dafa bango.

Da ta sauko, kowa a filin ya zuba mata ido. Idanu sun faɗa rami, leɓe fari kamar toka, fatar ta yi rawaya ta manne wa ƙashi. Ta taho lulluɓe da yadin, tana jan ƙafa, hannu ɗaya dafe da cikinta. Mai riƙe da fitila ya ja da baya yana salati. Hanan kuwa tana bayan kyamara tana raɗa, "Haka, Mama, haka! Ƙara sunkuyawa!"

Sau ɗaya aka ɗauka. Hajiya ta koma sama, ta ninke yadinta, ta dawo fuska ɗauke da hodarta da jan-bakinta, tana murmushi.

Malam Adnan ya maimaita wa aji fitowar, yana tambayar wane irin kaki aka yi aiki da shi. Hanan ta ci. Jibi uwar za ta koma Kano, 'yar kuma har yanzu tana naci a koya mata sirrin kwalliyar.

Ni na bi Hajiya sama ranar, na riƙe mata mayafi. A nan ta gaya mini likita ta zo gani a ɓoye, ya kuma ce ta koma gida ta jira ikon Allah. Yadin likkafaninta ne.

Don girman Allah, Zuhra, kada ki gaya wa kowa, balle ya kai kunnen Hanan. Hajiya ba ta shafa komai ba ranar, wanke fuskarta kawai ta yi.