Telan da Ya Auna Kunnensa

Zauna tukuna, ɗan'uwana, shayin bai huce ba. Tunda ka ce jira ya ishe ka, bari in ba ka wani misali.

An yi wani tela a wani gari, Allah ya ba shi kunne. Da jin ƙarar keken ɗinki daga shagon maƙwabci zai gaya maka allura ta kusa karyewa. Yana cikin wata majalisa ta masu son sauti, mutanen da abin da ya ɗauke musu hankali shi ne iyafis, ɗan abin nan da ake cusawa a kunne a ji kiɗa. Kada ka ɗauka irin na bakin titi. Nasu masu tsada ne, kowanne a cikin ɗan akwatinsa kamar zoben amarya. Duk Asabar bayan la'asar sai su shimfiɗa tabarma, kowa ya fito da nasa, a goge, a miƙa wa na kusa. A ce wannan yana fito da kaurin ganga, wancan kuwa har gogar yatsa a kan tsirkiyar garaya yake kawowa. In gardama ta yi zafi sai a miƙa wa tela. Ya rufe ido, ya saurara, ya ce a cikin wannan yana jin mai sarewa na jan numfashi kafin ya busa, a cikin wancan ba ya ji. Abin da ya faɗa shi ke zama.

Ana nan sai labari ya zo cewa akwai wani iri da ake ƙera wa mutum daidai da ramin kunnensa. Likitan kunne ke zuba wani ƙullu mai laushi a ciki, ya daskare, a zaro siffar, a aika ƙasar waje a ƙero. Wani ɗan kasuwa a majalisar har ya riga ya aika tasa, kullum zancensa ke nan. Tela ya je asibiti, aka ce layi ya yi tsawo, sai bayan salla. Ya dawo yana ta saƙe-saƙe: shi da ke auna wuyan mutane da kafaɗunsu tun yana saurayi, kunnensa ne zai gagare shi? Ya samo irin ƙullun a wurin wani mai yin haƙoran roba. Ya sani sarai likita kan fara tura ɗan soso mai zare ya tare hanya, don kada ƙullun ya kai ga dodon kunne. Amma a majalisa an sha cewa iya zurfin siffa iya daɗin sauti, don haka ya ajiye soson gefe. Na hagu ya fito lafiya lau. Na dama ya ƙi. Ya ja a hankali, ya ƙi. Ya cije leɓe ya fizga, sai ya ji wani abu ya yi ɗas a cikin kansa, jini ya ɗigo a wuyan rigarsa. Ya toshe da auduga, ya wanke siffar, ya aika. Bai gaya wa kowa ba. Da ruwa ya fara fita daga kunnen sai ya riƙa canza auduga yana jawo hula ya rufe. In mai kawo ɗinki ya yi magana, ya juya masa gefen hagu, ya ce a ransa ai audugar ce ta tare.

Ranar da kayan suka iso, majalisa ta cika har da waɗanda suka daɗe ba su zo ba. Nasa ya riga na ɗan kasuwa isowa. Aka buɗe akwati, ga su nan suna ƙyalli kamar ƙwayar dutsen ado. Ba mai iya gwadawa, don ba kunnen da za su shiga sai nasa, kowa ya zuba masa ido. Ya cire audugar a ɓoye, ya sa su, suka zauna daram. Aka kunna kiɗan sarewar nan da ya saba yanke hukunci da shi. Ya rufe ido. Can sai ya buɗe, ransa a ɓace, ya zare na dama ya ce, "An cuce ni. Wannan ba ya aiki." Ɗan kasuwa ya karɓa ya kara a bakin kunnensa, sai ga sarewa tana tashi raɗau. Ya miƙa wa na kusa, shi ma ya ji. Aka ba tela tsohon nasa, wanda ya shekara yana yabo, ya sa a dama, ya ce wannan ma ya mutu. Wani dattijo ya zagaya ta bayansa, ya kai hannu dab da kunnen ya ƙyasta yatsa, ya sake ƙyastawa. Tela bai waiwaya ba. Yana ta jujjuya ɗan abin a tafin hannunsa yana neman inda ya lalace, mutane kuwa sai salati suke yi ƙasa-ƙasa. Da aka kai shi wurin likitan nan da ya ƙi jira, ya haska ya duba, ya ce dodon kunnen ya yage, ciwon ya ci har ciki, an makara.

Iyafis ɗin suna nan a aljihun keken ɗinkinsa. Ba su sayuwa, ba su kyautuwa, don kunne ɗaya tak aka yi wa na daman, kuma kunnen ba ya ji. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira an rasa ido.