Ɗakin Inna a Kwamfuta

Tunda an danƙa maka riƙon kwamfutar da mutane da yawa ke amfani da ita, matso ka ji misalin wata dattijuwa.

Ɗanta na fari yana aiki can kudu, sai shekara ta zagayo yake leƙo gida. Da ya zo hutun Sallah ya kawo kwamfuta ya girke a falo, ya buɗe wa kowa asusunsa: ƙaninsa da nasa, matar ƙanin da nata, uwar ma da nata. Kowane asusu kamar ɗaki yake, da suna a ƙofa, kalmar sirri kuma ita ce makulli. A ɗakin uwar ya zuba hotunansa da na iyalinsa, da muryoyin jikoki suna gaishe ta. Riƙon kwamfutar kuwa ya bar wa matar ƙaninsa, don ita ce ta fi kowa iya aiki da ita. Sai dai bawan Allah ya daɗe a waje. Wajen rubuta sunan asusun uwar ya sa "Maman", ya bi shi da sunansa na yanka. Kalmar sirri ma sunan nasa ya maimaita, wai don kada ta manta. Yo ina za ta manta? Ita fa tun ranar da aka raɗa sunan nan bakinta bai taɓa furta shi ba. Ɗan fari ne, alkunya ta hana. Furfura ta fito masa a gemu, amma har gobe "yaron nan" take ce masa. Ni ma ba zan faɗa maka sunan ba, na taya ta kara.

Kada ka ɗauka rashin iyawa ne. Ta yi yaƙi da jahilci, tana karanta boko tsaf, wayarta ma ita ke latsa abarta. Da hantsi, in gida ya yi tsit, sai ta lallaɓa ta zauna gaban kwamfutar, ta ga sunan ɓaro-ɓaro a gilashi, ta miƙa yatsa, ta janye. A wurinta rubuta suna da yatsa da kiransa da baki duk ɗaya ne. Kewar ɗanta tana cin ta ƙwarai, ga shi ta san fuskarsa na can bayan ƙofar. Sai ta goge ƙurar da babu, ta mayar da ƙyalle ta rufe. In an tambaye ta, ta ce hasken yana damun idonta. Gaskiyar ba ta faɗuwa, domin cewa tana marmarin ganin ɗan fari ma wata kunyar ce.

Ana nan sai ɗan ya bugo wa matar ƙaninsa waya, ya tambaya ko Inna na jin daɗin hotunan. Ta duba, ta gaya masa ba a taɓa buɗe asusun ba. Ransa ya sosu, ya ɗauka uwar ta raina kyautarsa. Ya ce tunda ba ta so, a goge asusun da duk abin da ke ciki, kada ya tare wuri a banza. Muryar wayar a buɗe take, Inna kuwa na zaune kan tabarma tana tsintar shinkafa, ta ji komai. Amma bakinta cewa ya yi, "A goge mana, me zan yi da shi?" Surukar ta waiwayo ta dube ta. Ta ga tsohuwa tana zubar da shinkafa tana barin tsakuwa a faifai. Ta ga idonta ya kai kan gilashin, ya ci karo da sunan, ya kauce da sauri. Nan take ta gane inda gizo ke saƙa.

Ba ta tambaye ta komai ba, don tambayar ma tonon asiri ce. Ta shiga wurin da ake gyara bayanan masu asusu, ta tsallake maɓallin gogewa, ta share sunan da ke ƙofa ta rubuta "Inna". Ta sauya kalmar sirri. Sannan ta miƙe kamar za ta wuce kicin, ta ce, "Inna, ashe ƙofarki ce ta cije, na sake miki makulli. Abin da kike kiran Yaya da shi, shi za ki rubuta." Tsohuwa ba ta ɗago ba, ta ce, "Ke dai 'yar nan ba kya rabo da neman magana."

Washegari da hantsi ta zauna, ta gyara tabarau, ta rubuta "yaron nan" harafi bayan harafi. Ƙofa ta buɗe. Ga shi nan ya cika gilashi yana dariya, jikoki na ta rige-rigen gaishe ta. Ta kalle shi son ranta, irin kallon da ba ta taɓa yi masa ido da ido ba, har sai da tabarau ya jiƙe. Da ta ji takun surukarta ta yi maza ta kawar da kai, ta ce, "Jikokina nake dubawa. Wancan kuwa ya rame, ki ce wa matarsa ta riƙa ba shi abinci." Da aka isar masa da saƙon, ƙaton mutum ya ce kada wanda ya taɓa asusun nan.

To kai ma, kafin ka goge asusun wani don ka ga ba ya shiga, ko don ya ce maka ba ya so, ɗago ka dubi mai shi. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska.