Kogin da Ya Lafa da Hantsi

Zauna tukuna, Malam Ɓarau, kada ka yi saurin yi mini albishir. Ka ce tarin ya lafa, har ka ture maganin gefe. Ni kalmar nan ba ta taɓa kwantar mini da hankali ba. Abu in ya ragu, wani sashe nasa ya tafi ke nan. In ya sassauta, ƙarfinsa ne ya sauka, kana kuma kallon saukarsa da idonka. Amma in aka ce ya lafa, yana nan ɗungurungum, kwanciya kawai ya yi. Bari in ba ka misali.

An yi wani masunci a wani ƙauye na gindin duwatsu, inda kogi ke fitowa ta wani matsatsi tsakanin tsaunuka biyu. Mutanen garin sun san yadda koginsu ke raguwa. In damina ta ja baya, ruwan kan sauka sannu a hankali, yau ya bar zane a jikin gaɓa, jibi ya bar wani a ƙasansa, su kuwa suna binsa da dashen albasa. Wannan ba ta tsorata kowa. Sai dai suna da ƙa'ida guda da suka gada: in kogi ya sauka farat ɗaya ana tsakiyar damina, ba a taka cikinsa, ko akuyarka ce ta shiga ka bar ta. Masuncin ya san wannan sarai. Ba wawa ba ne, kada ka ɗauka wawa nake ba ka labari. Marka ce ta matsa masa, ruwa ya yi yawa, kullum ya jefa koma sai ta fito da kara da ganye, ko na miya ba ya samu, ga yara a gida. Ran nan da hantsi, bayan an sheƙa ruwa a kan duwatsu, yana bakin gaɓa yana gyaran komarsa, sai ya ji kunnensa ya yi wani iri, kamar yadda yake yi in injin niƙa ya tsaya. Rurin kogin ne ya ɗauke. Kwaɗi suka yi tsit. Yana tsaye yana kallo ruwa ya yi ta zamewa daga gaɓa, laka baƙa ta bayyana, duwatsun da ba wanda ya taɓa gani suka fito suna naso, har da wani tsohon kwalekwale da ya nutse tun zamanin kakanni, bakinsa a buɗe yana kallon sama. Cikin lakar kuwa ga kifi nan birjik, tarwaɗa da ƙarfasa, suna ta mutsu-mutsu ba mai ɗauka. Wata tsohuwa da ke wankin kalwa a kusa ta miƙe ta bar kwandonta a inda yake. Ta ce, "Ɗana, kada ka shiga. Ruwan da ya tafi bai yi sallama ba, bai yi nisa ba." Ya ce, "Iya, ai ya lafa, yanzu zan fito." Ta kama hanyar tudu da gwiwoyinta masu ciwo, ko waiwaye ba ta yi ba.

Ya shiga. Ya cika gorarsa, ya tuɓe riga ya ƙulle bakinta ita ma ya cika, kuma duk inda ya ɗaga ido na gaba ya fi na hannunsa girma. Haka kifin ya yi ta jansa har tsakiyar kogi, wurin da ƙafar ɗan Adam ba ta taɓa taka ba. Rana na sama tar, babu ko gajimare, amma sai wata iska mai sanyi ta fito daga matsatsin nan tana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da karyayyun saiwoyi. Can sai ga wani siririn ruwa ja ya gangaro ya shafi idon sawunsa, ɗauke da ɗanyen ganye. Ƙasa ta fara rawa a ƙarƙashinsa a hankali. A nan ya gane. Ya juya zai gudu, ashe laka ta riƙe shi har gwiwa, in ya zare wannan ƙafa sai waccan ta nutse. Mutanen da suka taru a kan tudu suna ganinsa ƙarami a tsakiyar fili, suna kiransa, shi ma bakinsa na motsi, amma ba wanda ya ji abin da yake cewa, don rurin ya riga ya dawo. Ruwan ya fito da tsayin soro, da kututture da duwatsu a gabansa. Daga baya aka gano gefen tsauni ne ya zaftare ya toshe matsatsin, ruwa ya yi ta taruwa a baya har ya fi ƙarfin abin da ya tare shi. Duk lokacin da mutumin nan yake tsintar kifi, kogin cika yake yi. An bi gaɓa har garuruwan gaba ana nema, ba a same shi ba. Abin da ya fi ci mini rai, matarsa ba ta da ko kabarin da za ta nuna wa 'ya'yanta.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.